Kaduna: Ina makomar gidajen tsallaken kogi idan wa'adin takarda ya cika?

Mafi yawan masu gidaje a unguwannin Barnawa da Kakuri da Makera da Narayi da Sabon Tasha, a ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi, sun ɗauka cewa duk wanda ya samu takardar shaidar mallaka daga gwamnati ya gama da maganar fili har abada. Sai dai abin da doka ta tanada ya sha bamban da haka.

Takardar da jama'a ke kira C of O ba ta mallaka wa kowa ƙasa ba. Izinin zama ce na wasu shekaru ƙididdigaggu, galibi 99 idan gidan zama ne, kuma tana ɗauke da ranar da izinin ya fara aiki. Duk abin da aka sa wa ranar farawa da adadin shekaru kuwa, yana da ranar ƙarewa.

Abin tambaya a nan shi ne, idan wannan rana ta zo, wa ke da gidan? Magadan wanda ya gina shi, ko gwamnatin da ta ba da filin? Kuma idan za a sabunta wa'adin, a kan nawa, kuma bisa wace ƙa'ida?

Abin da dokar 1978 ta ce

A ranar 29 ga watan Maris na 1978 ne gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa. Sashe na ɗaya na dokar ya damƙa dukkan ƙasar da ke cikin kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana da zai riƙe domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya.

Sashe na 5 ya ba gwamna ikon ba da izinin zama, da neman kuɗin ƙasa, da kuma sake duba kuɗin lokaci zuwa lokaci. Sashe na 8 ya ce tilas izinin ya kasance na ƙayyadajjen lokaci. Dokar ba ta ambaci shekara 99 ba, al'ada ce ta ofisoshin filaye da aka gada tun zamanin Turawa. Shi ya sa akan tarar da filayen kasuwanci da na masana'antu da na noma an yanka musu wa'adin da bai kai haka ba.

Sashe na 15 kuma ya ce mai izini shi ke da cikakken iko da duk abin da ya gina a kan filin, amma a tsawon wa'adin izinin. Daga nan dokar ta yi shiru. Ba ta ce gwamna zai sabunta ba, ba ta ce zai ƙi ba, ba ta kuma faɗi abin da za a biya ba. Diyyar da sashe na 29 ya yi magana a kai ta shafi wanda aka soke wa izini ne saboda wani aiki na amfanin jama'a, ba wanda wa'adinsa ya ƙare don kansa ba.

Wannan shiru shi ne tushen matsalar, domin ya bar makomar ginin mutum a hannun ganin damar duk wanda ke kan kujerar gwamna a lokacin.

Ba baƙon abu ba ne a Arewa

Ko da yake a kudancin Najeriya an ɗauki dokar ta 1978 a matsayin babban juyi, a Arewa tsohon tsari ne aka faɗaɗa. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Lugard ya ayyana cewa ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun Turawan Ingila. A 1908 aka kafa kwamitin nazarin filayen Arewa, wanda rahotonsa ya haifar da dokar 1910 da ta sanya ƙasar yankin ƙarƙashin ikon gwamna. An sake fasalinta a 1916, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta maye gurbinta da tata dokar a 1962. Daga wannan doka ce aka ɗebo yawancin abin da ke cikin ta 1978.

Shi kansa birnin Kaduna a ƙarƙashin wannan tsari ya tashi. Turawa ne suka kafa shi a yankin da Gbagyi ke zaune, suka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Ke nan tun farko, duk wani fuloti da hukuma ta yanka a birnin, da takarda da wa'adi ta ba da shi.

Idan aka yi lissafi, izinin shekara 99 da aka bayar a 1917 ya ƙare tun 2016, wanda aka bayar a 1926 kuma ya ƙare a 2025. Na 1962 zai kai 2061, na 1978 kuma 2077. Wanda kuwa aka ba shekara 40 a 1975, tun 2015 ya fita daga wa'adi, ko ya sani ko bai sani ba.

Me ya sa tsallaken kogi?

Akwai dalilai uku da suka sa batun ya fi cukurkuɗewa a kudancin birnin.

Na farko shi ne yadda yankin ya bunƙasa. A nan mahaɗar jiragen ƙasa take, a nan kuma aka kafa masana'antu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun irin su Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin ƙera makamai na DICON ya zo a 1964, na haɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a 1980. Kowannensu ya jawo ma'aikata, aka gina gidajen ma'aikata da rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi, musamman a Barnawa. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, an bar manyan filaye da gidajen da takardunsu na asali ke ɗauke da sunan kamfani ko hukuma, ba sunan wanda ke kwana a ciki ba.

Ban da haka, sashe na 49 na dokar ya ware filayen da gwamnatin tarayya da hukumominta ke riƙe da su, kamar na hukumar jiragen ƙasa. Don haka maƙwabta biyu a unguwa ɗaya, wani a Kaduna zai nemi sabuntawa, wani kuma sai ya dangana da hukumar tarayya.

Na biyu shi ne rikice-rikicen da birnin ya sha, wato na shari'a a watannin Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a watan Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011. Waɗannan sun sa Musulmi da dama suka tsallaka arewacin kogi, Kiristoci da dama kuma suka koma kudu. An sayar da gidaje cikin gaggawa, wasu ma musaya aka yi, kuma sau da yawa shaidar cinikin ba ta wuce takardar yarjejeniya da sa hannun mai unguwa da shaidu ba.

A gaban doka wannan bai wadatar ba. Sashe na 22 ya haramta sayarwa ko jinginarwa ko ba da hayar dogon zango ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, babu shi. Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Saboda haka ranar da za a je sabunta wa'adi, sunan da ke cikin fayil shi hukuma ta sani, ko da mai sunan ya bar unguwar shekara ashirin da suka wuce, ko ya riga mu gidan gaskiya.

Na uku shi ne unguwannin da suka tashi a kan gonakin da aka saya daga 'yan asalin wuri aka yanka ba tare da tsarin gwamnati ba, irin abin da a Kano ake kira awon igiya. Taƙaddamar da ta taso a 2016 a kan unguwar Gbagyi Villa, inda gwamnatin jiha ta ce filin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne, mazauna kuma suka ce sun saya sun gina da izini, ta nuna irin halin da dubban iyalai kan shiga idan aka samu saɓani a kan takardar tushe.

Mai hawa ɗaya a bene

Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne wanda ya sayi sashe guda a cikin bene mai ɗauke da iyalai huɗu ko shida ko takwas. Irin wannan ciniki ya yawaita tun bayan da gwamnatin Obasanjo ta fito da tsarin biyan ma'aikata kuɗi a madadin gidaje a 2003, aka shiga sayar da gidajen gwamnatin tarayya. Ita ma gwamnatin jihar Kaduna ta sa gidajenta kusan dubu biyu a kasuwa a 2017. 'Yan kasuwa masu gina rukunonin gidaje su ma sun shigo da nasu.

Filin da bene ke kai guda ɗaya ne, kuma a galibin lokuta takardar tushe ɗaya ce. Abin da mai sashe kan samu shi ne takardar hayar dogon zango da aka ciro daga jikin waccan. Ƙa'ida ce sananniya a wurin lauyoyi cewa mutum ba ya ba da abin da ya fi wanda yake da shi, don haka wa'adin mai sashe ba zai wuce na takardar tushe ba, akan ma rage 'yan kwanaki.

Ma'ana, idan kamfani ya samu fili a 1980 na shekara 99, ya gina bene ya sayar da sashe a 2020, mai sayen shekara 59 ya saya, ba 99 ba. Kuma ba shi da hurumin zuwa neman ƙari shi kaɗai, sai mai takardar tushe ya nema. To idan kamfanin ya rushe fa? Idan kuma maƙwabta biyu sun biya kuɗin ƙasa, huɗu sun ƙi, bashin a kan filin duka yake hawa.

Asarar ba ta jiran ranar ƙarshe

Wasu na ganin ai 2061 ko 2077 da sauran nisa. Sai dai darajar gida ba ta jira sai ranar ƙarshe kafin ta faɗi. Lamunin gidaje na bankin gwamnatin tarayya, ƙarƙashin asusun da aka kafa a 1992, yakan kai shekara 30 ana biya. Babu mai ba da lamunin da zai so karɓar takardar da za ta mutu kafin a gama biyansa. Da zarar masu ba da lamuni sun ja baya, masu saye sun ragu, farashi kuma ya bi su.

Sannan ga batun gado. A shari'ar Musulunci gida yana cikin dukiyar da ake rabawa tsakanin magada bisa kason kowa, kuma masu rabo kan yi wa gida kuɗi tamkar mallaka ce ta dindindin. Amma gidan da ya rage wa shekara 25 ba daidai yake da wanda ya rage wa 80 ba, ko da bulo da kwanonsu iri ɗaya ne. Magajin da aka ba gida a madadin gona ko kuɗi yana iya cutuwa ba tare da kowa ya yi nufin haka ba. Bugu da ƙari, sashe na 24 na dokar ya hana a raba izinin zama gida biyu ko fiye saboda rasuwar mai shi, sai da yardar gwamna. Iyalai nawa ne suka tsaga gida da katanga bayan rabon gado ba tare da sun leƙa ofishin filaye ba?

Akwai kuma wani abin mamaki da masana shari'a suka daɗe suna muhawara a kai. Sashe na 34 ya amince da haƙƙin wanda ya riga ya gina fili a birni kafin 1978, ya ɗauke shi tamkar mai izini, kuma bai yanka masa wa'adi ba. Amma idan ya je ya nemi takarda, sai a rubuta masa adadin shekaru. Wato neman tabbaci kan jawo masa iyakar da a da babu ita.

Sabuwar takarda ba sabon wa'adi ba ce

A ƙarshen 2015 gwamnatin Malam Nasiru el-Rufai ta kafa hukumar KADGIS domin ta karɓi aikin filaye, ta mayar da bayanai cikin kwamfuta, kwatankwacin hukumar AGIS da aka kafa a Abuja lokacin yana ministan birnin tarayya. Hukumar ta buƙaci masu tsofaffin takardu su kawo a sauya musu da sababbi, masu gini ba takarda kuma su zo a daidaita musu.

Aikin ya rage wasu tsofaffin cututtuka, irin su ɓatan fayil da ba mutum biyu fuloti ɗaya. Ya kuma sa gwamnati ta san wanda ke bin ta da wanda take bi. Amma sauya takarda daban, sabunta wa'adi daban. Abin da ya kamata mai gida ya duba a jikin takardarsa shi ne ranar da aka ce wa'adin ya fara, ba ranar da gwamna ya sa hannu ba.

Shi ma kuɗin ƙasa da mutane da yawa suka raina, yanzu ya zama makami. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izini idan aka karya sharaɗin da ke cikin takarda, biyan kuɗin ƙasa kuwa yana cikin sharuɗɗan. A watan Maris na 2025 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 saboda an haura shekara goma ba a biya ba, kuma a watan Mayu aka fara garƙame gine-gine, har da hedikwatar jam'iyyar PDP, kafin Shugaba Bola Tinubu ya sa baki a ba da ƙarin mako biyu. Hausawa dai na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Najeriya ba ita kaɗai ke da irin wannan tsari ba, kuma ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban.

A Ingila, inda gidaje kusan miliyan biyar ke kan hayar dogon zango, dokar 1993 ta ba mai sashe a bene haƙƙin ƙara shekara 90 a kan abin da ya rage masa, bayan ya biya kuɗin da ake lissafawa bisa ƙa'ida, kuma mai ƙasa ba shi da ikon ƙi. A ƙarƙashin wannan doka kuɗin kan yi tsalle da zarar wa'adin ya gaza shekara 80. A 2024 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da wata dokar da ta tanadi ƙarin shekara 990, wadda aka tsara aiwatar da sassanta daki-daki.

A China izinin filin zama shekara 70 ne, kuma dokar 2007 ta ce zai sabunta da kansa, amma ba ta fayyace batun kuɗi ba. A 2016 hankali ya tashi a birnin Wenzhou lokacin da wasu masu gidaje da ke da izinin shekara 20 suka ji cewa za a nemi kuɗi mai yawa a hannunsu, har sai da hukumomin Beijing suka sa baki aka bar su ba tare da biya ba.

A Hong Kong, inda ɗimbin takardu za su ƙare a 2047, an yi doka a 2024 da ke ƙara shekara 50 ba tare da biyan wani dunƙulallen kuɗi ba, sai dai kuɗin shekara na kashi 3 cikin ɗari na ƙimar hayar ginin.

Singafo kuwa ta tsaya a kan cewa wa'adi wa'adi ne. A ƙarshen 2020 gidaje 191 na wata unguwa a Geylang, masu izinin shekara 60, suka koma hannun gwamnati ba tare da diyya ba, bayan an sanar da mazaunansu tun 2017.

A nan Afirka, dokar filaye ta Kenya ta 2012 ta ba ɗan ƙasa fifikon sake samun filinsa idan wa'adi ya cika, matuƙar gwamnati ba ta buƙatarsa don aikin jama'a.

Hanyoyin sun bambanta, wasu da sassauci wasu da tsanani, amma mafi yawansu sun haɗu a kan abu ɗaya: an rubuta ƙa'ida, kowa ya san matsayinsa tun kafin ranar ta zo.

Ina mafita?

Gyara dokar 1978 ba ƙaramin aiki ba ne, domin sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta yadda taɓa ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa gyaran harkar filaye cikin manufofinsa bakwai, ya kuma kafa kwamiti a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma dokar ba ta sauya ba. A taron ƙasa na 2014 ma an yi ta ja-in-ja a kan cire ta daga kundin, inda wakilan Arewa da dama suka ƙi, bisa fargabar cewa masu kuɗi za su saye ƙasar talakawa.

Wannan fargaba tana da tushe. Haka nan masu kare tsarin wa'adi na da hujjar cewa shi ke ba gwamnati damar sake fasalin birni, da karɓe filayen da aka bari kufai, kamar na wasu masana'antun Kakuri. Sai dai filin masana'antar da ta daina aiki daban yake da gidan da malamin makaranta ya gina da kuɗin sallamarsa.

Tunda dai ikon ba da izini a hannun gwamna yake, jiha ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta rubuta ƙa'idar sabuntawa. Ana iya tanadar cewa wanda ya cika sharuɗɗa yana da haƙƙin sabuntawa, a sanar da shi shekaru kafin wa'adi ya cika, a lissafa kuɗin bisa darajar fili ba ta ginin da shi ya kashe wa kuɗi ba, kamar yadda sashe na 16 ya riga ya tanada wajen yanka kuɗin ƙasa. Ana iya ba mai sashe a bene damar neman nasa ba tare da jiran kowa ba, a kuma buɗe hanya mai sauƙi ga waɗanda suka yi cinikin gaggawa a shekarun rikici su mayar da fayil zuwa sunansu, tun shaidun cinikin suna raye.

Su kuma masu gidaje, abin da ke hannunsu a yanzu shi ne su ɗauko takardar su karanta: sunan wa ke jiki, yaushe wa'adin ya fara, shekara nawa ne, kuma yaushe rabon da a biya kuɗin ƙasa. Mai niyyar sayen sashe a bene ya nemi ganin takardar tushe kafin ya ba dillali la'ada. Masu rabon gado kuma su sa sauran wa'adi cikin lissafi.

Waɗanda suka karɓi takardun shekarun 1960 da 1970 kaɗan ne daga cikinsu za su ga ranar cikar wa'adin. Jikokinsu ne za su tsaya a gaban jami'in filaye, kuma abin da za su tarar ya dogara ne a kan ko majalisar dokokin jihar da gwamnatocin yanzu sun rubuta ƙa'ida, ko kuwa sun bar maganar a yadda dokar 1978 ta bar ta.